Yadda Ake Tattara Imel ɗin Jami'a Wuri Guda Ba Tare da Saƙon Kowa Ya Ɓata Ba

Sabar ƙarshe da muka gano, wato kwamfutar da ke karɓar imel tana rarraba shi, a ƙarƙashin tebur take, a wani ɗan ɗaki na sashen lissafi, ƙura ta lulluɓe ta, an jibga mata tsofaffin takardun jarrabawa a ka. Wani ɗalibin digiri na biyu ne ya kafa ta, ya gama karatunsa ya yi gaba, ita kuma ta ci gaba da karɓar wa malaman sashen saƙo shekara da shekaru. Ba wanda ya san kalmar sirrinta, ba wanda ya taɓa sabunta mata manhaja. Da na tambayi sakatariyar sashen ko ta san aikin da wannan inji yake yi, sai ta ce ita dai an ce mata kada ta kuskura ta kashe shi.

Haka imel yake tsirowa a jami'a. Tsangayar likitanci tana da nata a kan Exchange, injiniyoyi sun kafa Postfix da hannunsu don ba su yarda da kowa ba, ɗakin karatu yana kan Zimbra, ukun nan duk manhajojin sabar imel ne, ɗalibai kuma an zuba su a Google. In an ɗora maka aikin tattara su wuri guda, ga yadda muka bi, har da wuraren da na yi tuntuɓe. Tun yanzu ka sani, kwashe saƙonni daga wannan saba zuwa waccan shi ne mafi sauƙi a cikin aikin, manhaja ce take yi kana barci. Wahalar tana wajen sanin adireshi nawa gare ku, kowanne na wane ne, da su wa ke aika saƙo da sunan jami'ar.

Kafin ka taɓa komai, nemi umarni a rubuce daga shugaban jami'a. Sashen da ke da sabarsa gonarsa yake ganinta, kuma ba zai miƙa maka don ka iya magana ba. Hujjar da za ka kai sama ba ta da wuyar samu. A watan Maris na 2021 Microsoft ta fitar da gyaran gaggawa na wasu ɓarakoki a Exchange, lokacin da masu kutse sun riga sun fara shiga ta nan, kuma duk sabar da ba mai kula da ita a buɗe ta kwana. Tun 14 ga Oktoba 2025 kuma kamfanin ya daina tallafa wa Exchange 2016 da 2019. Amma kada ka je wa shugabannin sassa da takarda kawai. Ka je musu da alkawari biyu: adiresoshinsu na yanzu ba za su mutu ba, kuma jami'insu na kwamfuta zai ci gaba da iya buɗe musu rukunin adireshi da akwatin ofis ba sai ya roƙi kowa ba. Mafi yawan gardamar a nan take mutuwa.

Ƙidaya

Kada ka dogara da tambayar mutane, abin da suka tuna kawai za su faɗa maka. Buɗe DNS na jami'ar, wato kundin da ke gaya wa duniya inda kowane suna yake, ka zaro duk ƙaramin domen, wato sunan da ke zuwa bayan alamar @ a adireshi, da ke da rikodin MX. MX shi ne layin da ke cewa saƙon wannan domen ga sabar da za a kai wa. Ka lura, sunan da ba shi da MX ma yana iya karɓar saƙo muddin yana da lambar IP, wato lambar da ake gane inji da ita a netwok, don SMTP, ƙa'idar aika imel, ta yarda a kai masa kai tsaye. Saboda haka sai ka ƙara da kundin katangar tsaro ta netwok, ka ga waɗanne injuna ne ke shige da fice ta ƙofa mai lamba 25, wadda imel ke bi tsakanin sabobi. Ta nan muka kamo ta sashen lissafi.

A kowace saba ka fitar da jerin akwatuna, girman kowanne, da ranar da aka shiga shi na ƙarshe. Sannan ka bi abubuwan da ba akwati ba ne amma suna karɓar saƙo: laƙabi, wato ƙarin adireshi da ke zuba saƙo a akwatin wani, rukuni, da umarnin tura saƙo gaba. A sabar Linux ka leƙa fayil ɗin /etc/aliases da ƙananan fayilolin .forward da ke ɓoye a foldar kowane mutum. Wasu sassan za ka tarar sun sa duk saƙon da ba a san mai shi ba ya faɗa akwatin mutum ɗaya, har mutane sun saba rubuta adireshi yadda suka ga dama yana isa. Ranar da ka cire wannan ba shiri, ranar za ka san yawansu.

Sai ka gwama jerin da na ofishin ma'aikata da na magatakarda. Abin da ya yi saura shi ne ciwon kai: waɗanda suka yi ritaya, waɗanda suka koma wata jami'a, baƙin malamai na zango ɗaya, waɗanda suka rasu, da akwatunan tarukan da aka gama tuntuni. Kada ka yanke hukunci a kansu kai kaɗai. Wa ke da ikon buɗe akwatin mamaci, ɗalibi zai riƙe adireshinsa bayan ya gama ko a'a, wata nawa za a ba wanda ya bar aiki, duk wannan maganar hukumar jami'a ce da lauyanta. Naka shi ne ka matsa su rubuta amsa kafin ranar ƙaura.

Sunaye

A nan na fi daɗewa, kuma ban yi da-na-sani ba. Muddin kowane sashe yana da domen ɗinsa, suna ɗaya zai iya maimaituwa ba rigima. A ce akwai a.musa@lissafi.jamiarmu.edu da a.musa@likitanci.jamiarmu.edu, mutum biyu ne daban, ba su ma san juna ba. Da zarar ka ce kowa ya koma @jamiarmu.edu, sun yi karo. Haka adiresoshin ofis, kowane sashe yana da nasa na jarrabawa da na sakatare. Ka fitar da ƙa'ida ɗaya, a rubuta, a bi ta a kan kowa har da manya. Mu ƙa'idarmu ita ce wanda ya riga shiga jami'ar ya ɗauki gajeren suna, na bayansa a ƙara masa harafin tsakiya. Ba ta fi wata kyau ba, amma ba a iya cewa an yi son kai.

Tsohon adireshi kuwa ka mayar da shi laƙabi a kan sabon akwati, ya zauna har abada. Malami ya buga adireshinsa a kan maƙalar da ta fito shekara goma da suka wuce, kuma har gobe wani mai bincike zai ɗauko ta ya rubuto masa. Da adireshin ya yi rajista a mujallu da wurin masu ba da tallafin bincike, can ake aiko masa hanyar sauya kalmar sirri. Wannan ne ma ya sa ba a ɗaukar adireshin wanda ya tafi a ba sabon zuwa, ko da sunansu ɗaya, don ka miƙa masa makullin ɗakunan wani ke nan. Google Workspace yana ba kowane mutum laƙabi har 30, sun ishe ka. Kuma ka tabbata adireshin postmaster na kowane domen, wanda ake kai ƙorafin imel, yana zuwa wurin mai rai, ƙa'ida ta wajabta shi.

Sabon tsarin ya zama daga wuri ɗaya yake samun sunayen mutane, wato kundin masu asusu irin Active Directory ko LDAP, shi kuma daga rajistar ma'aikata da ta ɗalibai. In aka ci gaba da buɗe akwati da hannu don wani ya bugo waya, bayan 'yan shekaru ka koma gidan jiya.

Maganar inda za a koma ba zan ja ta ba. Ko dai Microsoft 365, ko Google Workspace, ko ku riƙe saba a gida in kuna da mutanen da za su kwana a kanta. Ka dai karanta yarjejeniyar da idon basira: a wace ƙasa bayanan za su zauna, dokar ƙasarku ta yarda ko ba ta yarda ba, kuma yaya za ku kwashe kayanku in kun tashi fita. Kyauta ma tana sauya fuska. Google ya daɗe yana ba makarantu wurin ajiya mara iyaka, sai daga Yuli 2022 ya mayar da shi TB 100 na haɗaka ga makaranta gaba ɗaya, jami'o'i da yawa suka shiga share-share.

Ƙofa ɗaya tukuna

Dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce raba aikin gida biyu. Kafin a kwashe akwatin kowa, ka sa duk saƙon da ke shigowa jami'ar ya fara biyowa ta wuri ɗaya, daga nan a duba tebur: wannan ya ƙaura, a ajiye masa a sabon gida, wannan bai ƙaura ba, a miƙa wa tsohuwar sabarsa. Google da Microsoft duk suna da yadda ake saita haka. Da ka yi wannan, ƙaurar mutum ta zama sauya layi ɗaya a tebur, mayar da shi baya ma haka. Ba sauran daren da za a ce jami'a duka ta tsallaka lokaci guda kowa yana addu'a.

Don karkatar da saƙon sai ka sauya MX, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Kowane rikodin DNS yana da TTL, wato daƙiƙoƙin da sauran sabobin duniya za su riƙe tsohuwar amsa kafin su sake tambaya. In naka 86400 ne, kwana guda ke nan cur. Ka sauke shi zuwa 300 kwana biyu kafin ranar, yadda in ka sauya, cikin minti biyar duniya ta ji, in ka yi kuskure ma cikin minti biyar ka gyara.

Akwai wani abu da ya kamata ya kwantar maka da hankali. Imel yana da haƙuri. In saba mai aikowa ta ƙwanƙwasa ba a amsa ba, ko aka ba ta amsa mai farawa da 4, wato dawo an jima, za ta riƙe saƙon tana sake gwadawa kwana huɗu zuwa biyar. Postfix kwana biyar yake yi in ba a taɓa saitinsa ba. Abin tsoro shi ne amsa mai farawa da 5, irin 550, wato ba mu san wannan mutum ba. Nan take saƙon ya koma wa mai shi, ba zai sake zuwa ba. To in abu ya rikice maka da tsakar dare, gara ka tsayar da sabar gaba ɗaya da ka bar ta a kunne tana korar baƙi.

Kwasar kaya

Hanyar da kusan kowace saba ta sani ita ce IMAP, wato hanyar karanta saƙo yana zaune a saba, kuma imapsync tsohuwar manhaja ce da ta ga jiya ta ga yau a wannan aiki. Ka yi babban kwafi makonni kafin ranar mutum, yana ta aikinsa bai ma sani ba, sannan a daren ƙaurarsa ka sake bi ka ɗebo abin da ya ƙaru. Kada ka tattara kalmomin sirrin mutane don wannan, ko kusa. Dovecot, manhajar da ke riƙe akwatuna a sabar Linux, yana da asusun shugaba mai iya shiga kowane akwati, Exchange ma yana da izini irin wannan. Ka buɗe shi don aikin, ka rufe da an gama.

IMAP saƙo kawai yake ɗauka. Kalanda, lambobin mutane, ƙa'idojin tace saƙo da sa hannun ƙasan wasiƙa duk a baya yake barinsu, sai an bi su daban. Akwai kuma iyakoki. Kayan ƙaura na IMAP na Microsoft ba ya ɗaukar saƙon da ya wuce MB 35, ba ya wuce saƙo 500,000 a akwati ɗaya. Google kuma MB 500 yake bari a loda ta IMAP a rana ga kowane asusu, ka ga akwati mai GB 10 kwana ashirin zai ci, don haka manyan akwatuna sai ka bi da su ta kayan ƙaurar Google na kansa. Bayan kowane kwafi ka gwada adadin saƙo folda da folda, can da nan. Ka buɗe wasu da idonka ka duba kwanan wata, don in aka yi saitin ba daidai ba, saƙonnin shekara goma duk za su fito da kwanan ranar ƙaura.

Ga inda na sha kunya. Akwatin wani farfesa ya ƙaura cikin daƙiƙa kaɗan, ba kuskure ko ɗaya, na sa masa alamar an gama. Washegari ya shigo ofis ya ajiye kwamfutarsa a gabana, ya ce, "Malam, ina wasiƙuna?" Ashe da POP yake karɓar saƙo tun fil azal. POP sauke saƙo yake yi a kwamfutar mutum, a saitinsa kuma yana gogewa daga saba. Duk tarihinsa yana cikin fayil ɗin PST guda ɗaya, wato fayil ɗin da manhajar Outlook ke ajiye saƙo a ciki, a tsohon injinsa, ba kwafi ko'ina. Na ce, "Ranka ya daɗe, suna nan, a ba ni zuwa yamma," ina faɗa gabana na faɗuwa. An same su. Tun daga ranar, duk akwatin da na ga ƙarami ne ainun alhali mai shi ya daɗe a aiki, sai na duba kundin saba na ga ko ta ƙofa 110 ko 995, ƙofofin POP, yake shigowa, na aika a ɗauko fayil ɗinsa tukuna.

Masu barin tsohon Exchange kuma akwai tarkon da ba a gani. A cikin gida Exchange ba da adireshin da ka sani yake gane mutum ba, yana da wani dogon suna na ciki da ake kira LegacyExchangeDN. Shi ne ke manne a tsofaffin saƙonni, shi ne Outlook yake tunawa in ka fara rubuta sunan mutum ya ƙarasa maka. Bayan ƙaura sai mutum ya ba da amsar tsohon saƙo, ya dawo masa da wani dogon rubutu mai farawa da IMCEAEX, alhali abokin aikin nasa yana ofishin da ke kusa. Maganin shi ne ka kwafo wannan tsohon suna ka manna wa sabon akwati a matsayin adireshin X500 tun kafin ƙaura. Aikin awa ɗaya ne in ka sani.

Ka fara da sashenku na kwamfuta, ku ɗanɗana abin da kuka dafa. Sai wani ƙaramin sashe mai haƙuri. Ka kauce wa makon rajista, lokacin jarrabawa, da ranakun rufe neman tallafin bincike.

Masu aika saƙo da ba mutane ba

Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Sikanar ofis mai tura takarda ta imel, Moodle mai sanar da ɗalibai, Koha mai tuna wa mutum ya dawo da littafi, manhajar albashi, na'urar da ke aika gargaɗi in firizar ɗakin gwaji ta fara ɗumi. Yawancinsu lambar IP ta tsohuwar saba aka rubuta musu a ciki, wanda ya rubuta kuma ya tafi. Su ba sa kawo ƙara. Firizar nan ba za ka san ta daina magana ba sai ranar da samfuran binciken wani suka narke.

Kundin tsohuwar saba ne zai nuna maka su, ka tace duk lambar da ta miƙo saƙo, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Da yawansu ba su iya sabuwar hanyar tantancewa ba, kuma tun Oktoba 2022 Microsoft ta fara rufe shiga da suna da kalmar sirri kawai ta IMAP da POP a Exchange Online, abin da ya kashe tsofaffin manhajojin da ke karanta akwati da kansu. Ga masu aikawa, ka kafa ƙaramar saba ɗaya a cikin gida mai karɓa daga jerin lambobin da ka amince da su kawai ta miƙa gaba. Ka ba ta suna a DNS, kowa ya rubuta sunan, kada a sake rubuta lamba.

Daga nan sai shaidar da ke nuna saƙo naku ne. SPF jerin sabobin da aka yarda su aika da sunanku ne, rikodi ɗaya tak ga kowane domen, kuma ba a yarda ya jawo tambayar DNS fiye da goma ba. Jami'a tana cika goman nan da wuri, don kowane ofis ya ɗauko kamfanin da ke aika masa saƙo. DKIM sa hannu ne a jikin saƙo, ka yi makulli mai bit 2048. DMARC shi ke gaya wa mai karɓa yadda zai yi da saƙon da ya faɗi jarrabawar. Ka fara da p=none, wato kada a taɓa saƙon, rahoto kawai za a aiko maka, ka yi makonni kana karanta rahotannin da ke zuwa. A ciki muka ga ofishin tsofaffin ɗalibai yana aika dubban saƙonni ta wani kamfani da ba mu taɓa jin sunansa ba. Sai ka gyara irin waɗannan kafin ka matsa zuwa quarantine, wato a killace saƙon, daga baya reject, wato a ƙi karɓarsa. Ba abin ado ba ne, tun Fabrairu 2024 Google da Yahoo suka wajabta ukun nan ga masu aika saƙo da yawa, a wurin Google mai kai 5,000 a rana zuwa Gmail. Ofishin ɗaukar ɗalibai kaɗai yana iya kai wannan a yini guda.

'Yan damfara suna son lokacin ƙaura, don kowa yana jiran saƙo daga sashen kwamfuta. Saboda haka ka faɗa tun farko, a taron sashe da a allon sanarwa, cewa ba za ku taɓa aiko mahaɗi a ce a danna a sa kalmar sirri ba, kuma ku cika wannan alkawari ko da zai ƙara muku wahala. Ka kunna tantancewa mai mataki biyu a ranar da mutum ya ƙaura, yana gabanka. Safiyar ƙaurar kowane sashe ka tura mutum biyu su zauna a can da tebur, don kusan duk ƙorafin na waya ne: a cire tsohon asusu, a sa sabo.

Tsohuwar saba kuwa kada ka yi gaggawar kashe ta. Ka hana ta karɓar sabon saƙo, ka bar ta a kunne kana karanta kundinta duk mako, don akwai tsarin da sau ɗaya yake aika saƙo a zango, wani ma sai lokacin yaye ɗalibai. In ta yi shiru, ka kashe ta na mako biyu ba tare da ka goge komai ba, ka ji ko wani zai yi kuka. Sannan ka ɗauki kwafin ajiya gwargwadon wa'adin da jami'a ta rubuta, ka goge faifan da kyau kafin injin ya bar ɗakin.

Ta sashen lissafi ta ja mu har ƙarshen zango. Duk ranar Litinin wani abu yakan miƙa mata saƙo ɗaya, muka bi lambar har muka isa wata tsohuwar firinta a bene na biyu, tana kai ƙarar tawada ta kusa ƙarewa ga adireshin ɗalibin nan da ya tafi. Muka gyara mata saiti. Da na ce wa sakatariyar yanzu tana iya zare fulogin, sai ta ce in rubuta mata a takarda in sa hannu tukuna. Na rubuta.